Gubar Dalma: Yaƙin Da Ƙaramin Asibitin Ƙauye Ne Kaɗai Zai Iya Ci

Agwagi ne suka fara mutuwa. A wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, tun kafin a fara jin sunan gubar dalma a rediyo, mutane sun lura agwaginsu suna ƙarewa ba tare da wata sananniyar annoba ba. Ba a daɗe ba abin ya koma kan yara. Yaro yana rarrafe lafiya lau, sai amai, sai ciwon ciki, sai kasala, daga nan sai taune-taune, kafin a ankara an kai shi makwancinsa. Aka ba da maganin zazzabin cizon sauro, bai yi ba. Aka yi zaton sanƙarau ne, tun da lokacin zafi ne, shi ma maganinsa bai tsayar da komai ba.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda suka shiga yankin suna sa ido kan sanƙarau, suka ga yawan mace-macen ƙananan yara ya wuce misali. Da aka aika jinin wasu yara Turai aka gwada, sai ga dalma a cikinsa mai yawan da likitoci da dama ba su taɓa gani ba. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Wato duk yara huɗu, an binne ɗaya. Daga cikin waɗanda suka rage aka gwada jininsu kuwa, kashi 97 cikin 100 sun kai matakin da sai an ba su maganin fitar da guba cikin gaggawa. A ƙiyasin da aka fi amincewa da shi, yara fiye da 400 ne suka rasu a yankin cikin 'yan watanni.

Masomin abin ba ɓoyayye ba ne. Farashin zinariya ya yi sama a duniya bayan rikicin tattalin arziki na 2008, manoma suka ga dutsen da ke bayan gari ya fi gero kawo kuɗi. Sai dai jijiyar dutsen da suka faɗa wa tana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ana haƙo shi, a kawo shi cikin gari a buhuna, a farfasa, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Mata da ke cikin kulle suka samu sana'ar da ba sai sun fita ba: suna dakan dutse a turmi, goyo a baya, wani yaron yana wasa a gefe. Ƙurar ta sauka a daɓe, a kwanon abinci, a bakin rijiya, a tafin hannun yaro. A wasu wuraren an auna ƙasa aka samu dalma ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin iyakar da Amurka ta ɗora wa filin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan.

Shekaru sun wuce, kuma labarin ya zama abin da ake tunawa da shi a taron ƙara wa juna sani. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne wannan: yara sun yi watanni suna mutuwa a ƙauyukan da ke da dagaci, da limami, da ungozoma, da hanyar zuwa asibitin ƙaramar hukuma, amma sai da baƙi suka zo neman wata cuta daban sannan aka gane. Wannan gibin, na rashin ido da kunne a matakin ƙauye, shi ne har yau ba a cike ba, kuma shi ne zai yanke hukunci kan ko abin zai sake faruwa.

Dalilin da ya sa gubar dalma ta fi kama yara a fili yake ga masana lafiya. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 3 rayuwarsa a ƙasa take, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da na babba zai tsotse. Jiki kuma yana ɗaukar dalma ne a matsayin sinadarin da ke gina ƙashi, don haka yake ajiye ta a ƙashi da haƙori har shekaru masu yawa. Idan yarinyar da ta shaƙi ƙurar tana ƙarama ta girma ta yi aure ta samu ciki, ƙashinta zai saki dalmar nan cikin jini, ta ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Yunwa ma tana ƙara wa wutar fetur: yaron da cikinsa ba komai, ko yake fama da ƙarancin jini ko tamowa, ya fi saurin tsotse gubar. A yankin da tamowa ta zama ruwan dare, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ana auna dalmar jini da mikrogiram a kowace desilita. Idan ta kai 45, likitoci kan fara maganar ba da maganin fitar da guba. Idan ta wuce 70 zuwa 100, ƙwaƙwalwa na iya kumbura, a shiga jijjiga da doguwar suma. Yaran Zamfara da yawa sun kai ɗaruruwa. To amma a can ƙasa, a kan 5 ko 10, yaro ba ya nuna alamar komai. Ba zazzabi, ba kuka, ba kurji. Abin da yake rasawa ba a ganinsa sai ya shiga makaranta: hadda ta ƙi zama, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ga saurin fushi, ga rashin girma yadda ya kamata. Malam ya ce daƙiƙi ne, uwa ta ce ƙiriniya ce, a yi ta dukan yaron da ba shi da laifi. Abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwa kuwa ba ya gyaruwa, ko da an fitar da ita daga jini daga baya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, shi ya sa kuma Amurka ta yi ta rage ma'auninta na fara bincike, daga 10 zuwa 5 a 2012, zuwa 3.5 a 2021.

Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 3 a duniya, wajen yara miliyan 800, jininsu na ɗauke da dalma da ta kai 5 ko fiye. Mafi yawansu ba su taɓa ganin ramin zinariya ba.

Abin da aka yi a Zamfara bayan an gano cutar ya koyar da darasin da ya kamata kowane kwamishinan lafiya ya haddace. Maganin da aka yi amfani da shi, wanda ake kira sakzima, yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma likitocin MSF sun ƙi fara ba yaro magani muddin gidansu bai tsarkaka ba, domin ba da magani a mayar da yaro cikin ƙurar da ta jikkata shi tamkar kwalfe ruwa ne daga kwalekwalen da ba a toshe ɓularsa ba. Don haka aikin farko na masu shebur da baro ne. Ƙwararru daga kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka horar da matasan ƙauyukan da ma'aikatan muhalli na jiha, aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa, a kwashe a kai wani rami da aka tanada a binne, a zubo sabuwar ƙasa mai tsabta a daɓe. Tsakanin tsakiyar 2010 da farkon 2011 aka gama ƙauyuka bakwai: Dareta, Abare, 'Yargalma, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki kafin a bar maza baƙi su shiga cikin gidaje, aka kuma ɗauki mata aiki domin su shiga inda maza ba za su shiga ba.

Bagega, wadda ta fi su girma, ita ce aka bari a baya. A wani taro da aka yi a Abuja a watan Mayu na 2012, an buƙaci gwamnatin tarayya ta saki naira miliyan 850 da ta yi alkawari. Kuɗin ba su fito ba. Yara kimanin 1,500 suna jira a cikin ƙura, likitoci suna da magani a hannu amma ba su da ikon ba da shi. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch ta yi ta ƙorafi, matasan Follow The Money suka tada gangami a intanet da sunan ceto Bagega, sannan aka saki kuɗi a farkon 2013. Wannan jinkirin na kusan shekara uku ba ƙaddara ba ce, shawarar wasu mutane ce a ofis, kuma ƙwaƙwalen yara ne suka biya kuɗinta.

Wanda ya yi zaton an ɗauki darasi sai ya dubi 2015. A yankin Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu ta hanya iri ɗaya: dutse mai dalma, niƙa a cikin gari, jijjiga, kabari. Shekara biyar bayan Zamfara, a jihar da ke maƙwabtaka da ita, ba a gane abin ba sai da aka fara binnewa.

A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin Zamfara bayan fiye da shekara 11. A tsawon lokacin ta gwada yara fiye da 8,000, ta ba fiye da 3,500 maganin fitar da guba. Ƙungiyar agajin gaggawa ce, ba a kafa ta don ta zauna har abada ba, kuma ba laifi ba ne da ta tafi. Tambayar ita ce wa ya karɓi sandar, kuma da wane kasafi.

A nan ne maganar kiwon lafiya a matakin farko ta shigo, kuma Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fagen. Yaƙin da aka yi da shan inna, wanda ya kai ga tabbatar da Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020, ya bar gado mai tsada: dubban mata 'yan sa-kai da suka san kowane gida a unguwarsu, suka san wace ce ta haihu jiya, wane yaro ne bai karɓi rigakafi ba. Ya bar kwamitocin raya mazaɓu, da jami'an sa ido kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma, da kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya. Kowace damina kuma ana bin gida-gida wata-wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzabin cizon sauro. Ga makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara. Wato ƙafar da za ta shiga gidan da yaro yake tana nan, tana ma shiga. Abin da ba ta ɗauke da shi shi ne tambaya a kan dalma.

Tambayoyin kuma ba su da wuya. Akwai mai zuwa haƙar zinariya a gidan nan? Ana kawo dutse ko buhunansa cikin gida? Maigida yana dawowa da kayan aikinsa a jiki ya ɗauki yaro? Akwai mai fasa tsohon batir ko narka ƙarfe kusa? Wane irin kwalli ake sa wa jariri? Matar da ta iya auna damtsen yaro da zaren awon tamowa za ta iya yin waɗannan tambayoyi cikin minti biyu, ta sa alama a katin yaron. Ba a buƙatar sabuwar hukuma, ba a buƙatar sabon gini. Ana buƙatar layi biyar a takardar da take riƙe da ita, da horon yini guda, da kuma biyanta alawus ɗinta a kan lokaci, wanda shi ne abin da aka fi gazawa a kai.

Mataki na biyu shi ne gwaji. Akwai 'yar na'ura da ake ɗauka a hannu, LeadCare, wadda da ɗigon jini daga yatsa take ba da sakamako cikin minti uku, kuma da irinta aka yi aiki a Anka. Tana da iyakarta: ba ta karanta abin da ya haura 65, kuma idan ba a wanke yatsan yaro sosai ba, ƙurar da ke fata za ta ba da sakamakon ƙarya, don haka duk sakamako mai yawa sai an tabbatar da shi da jinin jijiya. Ba kowane asibitin sha-ka-tafi ne zai samu tasa ba, kuma ba dole ba ne. Amma babu hujjar da za ta sa ƙaramar hukumar da ake haƙar ma'adinai a cikinta ta rasa na'ura ko da guda ɗaya a babban asibitinta, da kayan gwajin da ba su lalace ba, da ma'aikacin da ya iya. Ya kamata kuma a rubuta a ƙa'idar aiki cewa duk yaron da ya zo da jijjiga daga irin wannan yanki, aka gwada ba zazzabin cizon sauro ba ne, ko aka ba shi magani bai warke ba, a gwada masa dalma. Yara uku masu jijjiga daga ƙauye ɗaya cikin wata ɗaya labari ne da ya kamata ya isa teburin jami'in sa ido a ranar, kamar yadda ake yi wa kwalara da ƙyanda.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali shi ne zuciyar aikin. Sakamakon gwaji ba na ajiyewa a fayil ba ne, umarni ne na a bi yaro gida. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce da zarar dalmar jini ta kai 5, a nemo inda take fitowa a kawar. Wannan aikin duba-gari ne. Tsofaffi suna tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa da makewayi, ana shakkarsa. Jikokinsa na aiki, jami'an tsabtar muhalli, suna nan a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma, da yawansu ba abin hawa ba kayan aiki. Akwai na'urar da ake ɗora wa ƙasa ko bango ko tukunya ta faɗi yawan dalmar da ke ciki nan take. Tana da tsada, amma guda ɗaya za ta iya yi wa ƙananan hukumomi da dama aiki idan an tsara zagayenta. Yaro ɗaya da aka gano yana nufin akwai ƙannensa da 'yan uwan wasansa da ke shan ƙura iri ɗaya, kuma su ne ake iya ceto kafin su kamu.

Sai maganar da take tada jijiyar wuya: a hana haƙar ko a gyara ta? An gwada hanawa. An haramta haƙar ma'adinai a Zamfara bayan annobar, aka sake haramtawa a 2019 saboda matsalar 'yan bindiga, har zuwa Disambar 2024 da gwamnatin tarayya ta ɗage takunkumin. Duk wanda ya san yankin ya san haƙa ba ta tsaya ba. Abin da haramci yake yi shi ne ya kori aikin daga fili ya mayar da shi ɓoye, kuma babu maɓoyar da ta fi cikin gida, inda yara suke. Mutumin da yake tsoron a kama shi ba zai gaya wa malamar asibiti gaskiya ba idan ta tambaye shi sana'arsa. Manomin da zinariya ta fara saya masa babur da kwanon rufi ba zai bar ta don an yi masa wa'azi ba, musamman a inda zuwa gona ya zama kasada.

Abin da ya yi aiki ya fi wannan sauƙi. MSF da ƙungiyar OK International sun gwada wani tsari da mahaƙa a Neja da Zamfara: a fitar da wurin niƙa can bayan gari, a riƙa fesa ruwa a kan dutse lokacin niƙa don kada ƙura ta tashi, a tanadi wurin wanka da sauya tufafi, kada a shiga gida da kayan aiki, kada a ci abinci da hannun da ba a wanke ba. Awon da aka yi ya nuna fesa ruwan ya rage dalmar da ke cikin iska da kusan kashi 95 cikin 100. Mahaƙan da kansu suka amfana, domin ƙurar dutsen da take cinye musu huhu ita ma ta ragu. Wannan tsari ba zai ɗore da umarni daga Abuja ba. Zai ɗore ne idan sarkin haƙa da dagaci da liman suka tsaya a kan cewa duk wanda ya shigo da buhun dutse cikin gari ya saɓa wa jama'a, ma'aikacin lafiya kuma ya riƙa zuwa da sakamakon gwajin yaran garin yana nuna musu ko abin yana raguwa. Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika faɗa ba: idan aka fitar da daka daga gida, an raba matan kulle da kuɗin da suke samu. Shirin da bai tanadi abin da zai maye musu gurbinsa ba, turmin zai dawo a ɓoye.

Kuskure ne kuma mazaunin Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya ɗauka wannan matsalar mutanen daji ce. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Najeriya, a birnin Boston, wanda aka samu dalmar jininsa ta kai 13. Da aka bincika gidansu, sai aka gano kwallin da ake sa masa a ido ne, kuma da aka auna kwallin, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Kwallin dutse mai ƙyalli, irin wanda ake niƙawa a zuba a tandu, asalinsa dutsen dalma ne. Uwa tana sa wa jaririnta ne don ƙauna, don idonsa ya yi kyau ya yi lafiya. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki. An gano wancan jaririn ne saboda an gwada jininsa lokacin awon yara na yau da kullum. 'Yan uwansa da ke gida, waɗanda ake sa wa kwalli daga tandu iri ɗaya, ba wanda ya taɓa gwada su. Wannan magana ce mai buƙatar lallashi, domin ta taɓa al'ada, wasu ma suna ganin ta taɓa addini. Ba jami'in gwamnati ne zai faɗe ta a karɓa ba. Ungozoma ce, da malamar awon ciki, da malaman da za su bayyana wa jama'a cewa ba sa kwalli ake hanawa ba, wanda aka tabbatar yana da guba ake cewa a nisanta daga idon jariri, kuma hukumar NAFDAC ce ya kamata ta auna na kasuwa ta faɗi wanne ne wanne.

Ga kuma batir. Yawaitar wutar sola da rashin wutar gwamnati sun cika gidaje da shaguna da manyan batura, kowanne cike da farantan dalma, kuma bayan 'yan shekaru zai mutu ya faɗa hannun 'yan gwangwan. Ana fasa shi da gatari a bayan layi, a zubar da ruwansa a kwata, a narka dalmar a fili. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, irin wannan sana'a ta kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008. Akwai fenti mai dalma, akwai tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, waɗanda bincike a Kamaru ya nuna wasunsu na sakin dalma cikin abinci. Man fetur mai dalma kam an rabu da shi, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina shi tun farkon 2006, duniya baki ɗaya a 2021, abin da ke nuna cewa idan an san kafar ana iya toshe ta.

Sanin kafar kuwa sai da awo. Ƙasar Jojiya ta sa gwajin dalma cikin binciken lafiyar iyali da ta yi da UNICEF a 2018, ta tarar kashi 41 cikin 100 na yaranta sun kai 5 ko fiye. Da aka bi gidajen, sai aka samu babban mai laifin a kicin: kayan yaji da ake ƙara wa launi mai dalma. A Bangaladash ma haka aka gano ana shafa wa kurkur sinadarin dalma don ya yi rawaya sosai; da hukumomi suka shiga kasuwanni da na'urar awo, suka yi shela suka ci tara, cikin shekara biyu gurɓataccen kurkur ya kusan ɓacewa daga kasuwa. A ƙasashen biyu, gwajin jini ne ya kai ga gano inda gubar take. Najeriya tana gudanar da irin wannan binciken iyali a kai a kai, ana ma ɗibar jinin yara don auna ƙarancin jini da zazzabin cizon sauro. Ƙara gwajin dalma a kai ƙaramin kuɗi ne idan aka kwatanta da abin da zai bayyana.

Za a ce asibitin da ba shi da farasitamol ina shi ina gwajin dalma, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce akwai ƙauyukan Anka da Maru da Bukkuyum da ma'aikacin lafiya ba zai iya shiga ba sai ya sayar da ransa, wannan ma gaskiya ne. To amma wannan hujja ce ta a dogara da mutanen da ke zaune a ƙauyen, waɗanda ba sai sun ratsa daji ba, a kuma yi gwajin a inda jama'a suka yi gudun hijira da inda iyaye mata ke kawo yara karɓar abincin tamowa. Kuɗi ma suna da ƙofa: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, kuma jihohin da ke karɓar rabonsu suna da ikon cewa a ƙananan hukumomin da ake haƙa, gwajin dalma na cikin abin da za a saya. Masu lasisin haƙar da suka dawo bayan ɗage takunkumi su ma akwai abin da ya wajaba a kansu, kuma wuri mafi dacewa a rubuta shi shi ne cikin yarjejeniyar da doka ta tilasta musu yi da al'ummar da suke aiki a ƙasarta.

Lokaci ba ya jira. Zinariyar da ta ja manoman Dareta cikin rami tana wajen dala 1,200 ne a kowace oza a 2010. A 2025 ta haura dala 4,000. Sababbin ramuka suna buɗewa a Zamfara da Neja da Kebbi da Kaduna, kuma ba kowane dutse ne ke ɗauke da dalma ba, amma mahaƙi ba ya iya bambancewa da ido. Jihar da ke son ta san halin da take ciki za ta iya farawa da ƙananan hukumomi uku ko huɗu da aka fi haƙa, ta sa na'ura a asibitocinsu, ta ƙara tambayoyin dalma a takardar masu raba maganin damina, ta ba duba-gari babur da mai, sannan ta wallafa adadin yaran da aka gwada da abin da aka samu kowane wata uku, domin majalisa da 'yan jarida da iyayen yaran su gani.